Inji biyu, karkiya ɗaya

A wannan mako filin namu zai ya da zango ne a Gure, babban garin ƙasar Muniyo, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram bisa hanyar Difa. Abin da ya kai mu can kuwa wata ɓarna ce da ta auku a gaban idona, a shagon wani aminina ɗan kasuwa, kuma na tabbata irinta tana nan tana jiran da yawa daga cikinmu, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati baki ɗaya.

Shi wannan bawan Allah sana'arsa sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, yana kuma ajiye wa mahauta nama cikin firigo. Yana da injin wuta na gazuwal guda ɗaya, irin wanda muke kira gurup, wanda yake tayarwa duk sa'ad da aka ɗauke wuta. Da kasuwa ta buɗe ya ƙara firigo, sai injin ya fara nishi. Ya tara kuɗi ya sayo na biyu, ya sa wani yaro mai koyon gyaran wuta ya haɗa masa su bisa waya guda, domin a lissafinsa ƙarfin wannan zai hau kan ƙarfin wancan. Ranar da aka gwada, cikin zafin bazara, an tayar da kowanne yana ruri lafiya lau. Da yaron ya danna makunnin da ya haɗa su, sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga, daɓen shagon ya girgiza, wari ya tashi, duka biyun suka mutu. Ƙarfen da ya haɗa inji da dinamo a jikin sabon ya karye, naɗin wayoyin dinamon tsohon ya ƙone. Kafin a samo kayan gyara daga Damagaram naman mutane ya lalace, ya biya su daga aljihunsa. Da ƙura ta lafa ya dube ni ya ce: “Malam, ashe biyu ba ta fi ɗaya ba?” Amsar wannan tambaya ce zan yi ƙoƙarin bayarwa yau.

Kafin nan, ya kamata mu tuna abin da ya sa kowa ke neman inji a gidansa. Tun da aka kafa kamfanin NIGELEC a 1968, mafi yawan wutar da ƙasarmu ta sha cikin shekarun da suka biyo baya daga Najeriya aka riƙa sayo ta. Layin Birnin Kabi zuwa Yamai ya fara aiki a 1976, daga baya aka ja wani daga Katsina zuwa Gazawa domin Maraɗi da Damagaram, arewa kuma ta dogara ga kwal na Anu Araren tun 1981. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, takunkumin CEDEAO ya sa Najeriya ta katse wutar, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke sha daga can yake zuwa, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai a ƙarshen Fabrairu na 2024. Cikin waɗannan watanni kowa ya ga yadda injin da aka saya domin ko-ta-kwana ya koma shi ne uwa shi ne uba. Daga nan mutane suka ɗauki darasin cewa inji ɗaya bai isa ba. Darasin gaskiya ne, amma rabinsa aka ɗauka. Sauran rabin shi ne yadda za a sa biyun su yi aiki tare ba tare da sun kashe juna ba.

Shiga lugude

Wutar da muke amfani da ita ba gudu take yi hanya ɗaya kamar ruwan famfo ba. Kai da kawowa take yi cikin waya, sau 50 a kowane sakan guda, abin da masana ke rubutawa 50 Hz, mu kuma bari mu kira shi bugun wuta. Wannan bugu daga juyawar inji yake fitowa: yawancin injunan gazuwal sai sun juya sau 1500 a minti ɗaya kafin su ba da bugu 50, ƙananan na isansi kuwa sau 3000. Saboda haka duk injunan da suka hau waya guda tilas ne su tura tare, su janye tare, domin in wannan yana turawa wancan yana janyewa, to wutar ba za ta tafi wajen firigo ko fitila ba, tsakaninsu za ta yi ta zagaya da ƙarfin da ya ninka abin da aka ƙera su dominsa sau da yawa.

Duk wanda ya taɓa kallon mata suna lugude ya san cewa wadda za ta shiga ba ta jefa taɓaryarta hakanan. Sai ta tsaya ta saurara, ta kama takin da ake bi, sa'an nan ta shiga, in ba haka ba taɓare su gwabza, wata ta ji ciwo. To haka yake ga injin da za a shigar bisa wayar da wani ke riƙe da ita. Sharuɗɗa huɗu ne sai sun cika. Na farko, bolt ɗinsu ya zama ɗaya, misali 230 ko 400. Na biyu, bugunsu ya yi kusan daidai. Na uku, in wuta mai layi uku ce, jerin layukan ya dace, na fari da na fari, na biyu da na biyu. Na huɗu, wanda ya fi wuya, a rufe makunnin daidai lokacin da turinsu ya zo tare. Zagaye ɗaya na bugun wuta kashi ɗaya ne cikin 50 na sakan, kuma kuskuren da ake iya yafewa bai wuce ɗan mitsitsin yanki na wannan zagaye ba. Hannun mutum shi kaɗai ba ya iya wannan, sai da ma'auni.

Tsofaffin ma'aikatan gidajen wuta suna da dabara ta ƙwan fitila. Sukan haɗa ƙwai tsakanin injin da wayar, su yi ta kallo yana haske yana dushewa, suna rage mai ko ƙarawa har kiftawar ta yi sanyi, sa'an nan su rufe makunni a tsakiyar duhun. Yau akwai na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke yin wannan aiki da kanta, kuma ba ta yarda makunni ya rufe sai sharuɗɗan sun cika. Aminina ba shi da ƙwan, ba shi da na'urar. Injinsa biyu sun haɗu ne kamar raguna a filin karo.

Rabon kaya

To, a ce an shiga lafiya. Saura zaman tare, wanda shi ne babban aiki. Manomi ya san cewa in ya ɗaura shanu biyu a karkiya ɗaya, tafiyarsu ta zama ɗaya ko sun so ko sun ƙi, amma wannan bai hana ɗaya ya riƙa jan garma shi kaɗai ɗayan yana bi ba. Haka injuna: da zarar sun haɗu, juyawarsu ta ƙulle da juna. In ka ƙara wa ɗaya mai, ba zai tsere wa ɗan'uwansa ba, kayan da ke kan ɗan'uwan zai karɓe. Ke nan mai shi ne ke raba kaya, kuma kowane inji yana da linzamin da ke ƙara masa mai ko ya rage, gwargwadon saurin da aka umarce shi ya riƙe.

A nan ne matsala take. In aka umarci kowane linzami ya riƙe bugu 50 cif, ba ƙari ba ragi, to ba ma'auni biyu a duniya da suke daidai ɗari bisa ɗari. Wannan zai ga kamar an yi ƙasa kaɗan ya yi ta ƙara mai, wancan zai ga kamar an yi sama kaɗan ya yi ta ragewa, har ɗaya ya kwashe kayan duka ya faɗi, ko kuma su yi ta miƙa wa juna kayan, fitilu suna haske suna dushewa, allurar ma'auni tana lilo. Maganin da injiniyoyi suka samo tun da daɗewa magani ne da kowane ɗan kasuwa zai gane, wato rangwame. Ana saita kowane inji ya yarda saurinsa ya sauka kaɗan yayin da kaya ke ƙaruwa a kansa, yawanci kashi 3 zuwa 5 cikin 100 tsakanin zama ba kaya da cikakken kaya. Da yake kowanne ya sassauta, sai a sami wuri guda tak da za su daidaita, kamar yadda ciniki ke faɗawa in mai saye da mai sayarwa kowa ya motsa.

Ga misali da alƙaluma. Inji mai kilowat 100 da mai kilowat 50, kowanne an saita shi ya ba da bugu 52 in ba kaya, 50 in kaya ya cika. In aka ɗora musu kilowat 90, babban zai ɗauki 60, ƙaramin 30, wato kowanne kashi 60 cikin 100 na ƙarfinsa, ba tare da wata waya ta sanar da wannan abin da wancan ke yi ba. Amma a ce wani ya taɓa linzamin ƙaramin, ya fara daga 51 da rabi maimakon 52. Rabin bugu kawai aka kuskure, amma babban zai koma ɗaukar kusan 68, ƙaramin kusan 22. Da tsakar dare kuwa, in kaya ya sauka zuwa kilowat 20, babban zai ɗauke shi duka, ya kuma fara juya ƙaramin. Sa ya daina jan garma ke nan, ana jansa tare da garmar. Mai shago yana ƙona gazuwal domin ya juya injin da ya saya don ya taimake shi. Shi ya sa ake sa wa kowane inji na'urar da ke fitar da shi daga waya da zarar wuta ta fara komawa cikinsa.

Akwai linzami na biyu, na bolt, wanda ke cikin dinamo. Shi ma sai an yi masa irin wannan rangwame. In ba a yi ba, dinamon da bolt ɗinsa ya ɗan ɗara zai riƙa tura wata wuta cikin ɗan'uwansa, wadda ba ta kunna fitila ko ɗaya, aikinta kawai dafa wayoyi. Mai inji zai ga kaya kaɗan ne, amma dinamo ya yi zafi kamar tanda. A manyan wurare akan haɗa ƙwaƙwalwar injunan da wata ƴar waya, su riƙa sanar da juna nauyin da ke kansu, ta haka su riƙe bugu 50 daidai su kuma raba kaya. Wannan ya fi kyau, amma ya fi tsada, kuma in ƴar wayar ta tsinke sai an koma ga rangwamen.

Ranar da ɗaya ya faɗi

Wani kuskuren lissafi da ake yawan yi shi ne a ɗauka inji biyu kariya ce. Kariya ce in ɗayan zai iya riƙe abin da ya wajaba shi kaɗai. A misalinmu na sama, in babban ya mutu, kilowat 90 zai faɗo kan mai 50, shi ma ya bi shi cikin ƙiftawar ido. Mai hankali tun farko yake raba wayoyin gidansa gida biyu: abin da ba a iya rayuwa sai da shi, da abin da za a iya haƙura da shi. A asibiti ɗakin fiɗa da firigon allurar rigakafi da na jini suna gaba, na'urar sanyaya biro tana baya. A gidan ruwa famfon da ke cika shato yana gaba. Da inji ɗaya ya faɗi, sai na'ura ta yanke na bayan kafin na biyun ya durƙusa.

Kada mai karatu ya zaci wannan ciwon ƙananan ƙasashe ne. Ranar 28 ga Afrilu 2025, da tsakar rana, wuta ta ɗauke a kusan duk faɗin Sipaniya da Fotugal cikin ƴan sakanni, jiragen ƙasa suka tsaya, kuma ba ta gama dawowa ba sai washegari. Ba ƙarancin tashoshi ya jawo ba. Binciken da gwamnatin Sipaniya ta fitar a watan Yuni na shekarar ya nuna cewa bolt ne ya hau, ba a sami isassun masu riƙe shi ba, tashoshi suka riƙa ficewa ɗaya bayan ɗaya, ficewar kowace tana ƙara wa sauran nauyi. Ƙa'idar da ta kayar da injuna biyu a wani shago na Gure ita ce ta kayar da ɗaruruwa a Turai.

Ƙasarmu kuma tana da nata ƙarin. Lambar da aka rubuta a jikin inji, misali 100 kVA, a aikace kilowat 80 ce, kuma an auna ta ne cikin yanayi mai sauƙi, ba cikin zafin watan Afrilu da Mayu na Muniyo da ke haura digiri 40 ba. Ƙurar hunturu da rairayin da iska ke kwasowa daga tuddai suna toshe matatar iska, injin da matatarsa ta toshe kuwa yana jinkirin amsa linzami, ɗan'uwansa ya riƙa ɗaukar masa kaya. Injin niƙa ko famfon rijiyar burtsatse, a lokacin tashinsa, yana jan wutar da ta ninka ta aikinsa sau biyar zuwa bakwai, wannan fizga ita ce jarrabawar gaskiya ga injunan da ke tare. A ɗaya gefen kuma, injin gazuwal ba ya son zaman banza: in ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa, mai ba ya ƙonewa sosai, baƙin maiƙo ya taru a bututun hayaƙi. Injin da ke ɗauke da kaya daidai yakan sha kusan kwatan lita zuwa sulusinta a kowane kilowat na awa guda, wanda ke yawo ba kaya kuwa ya fi haka nesa. Amfanin haɗa ƙanana biyu ke nan a kan babba ɗaya: da rana su yi tare, da dare a kashe ɗaya.

Yanzu kuma farantan hasken rana sun shigo, Allah ya ba mu rana, kuma tashar Malbaza ta 2018 da ta Goru Banda ta 2023 sun nuna cewa abin ya wuce wasa. Amma na'urar da ke mai da wutar faranti ta zama ta gida, yawancinta mabiya ce, sai ta ji bugun wani take kama taki. In aka haɗa ta da gurup ba da lissafi ba, da rana ta take sai ta kwashe kayan, ta bar injin ba komi, har ta tura wuta cikinsa. Masu batir su ma, in za a jera biyu, sai waɗanda aka ƙera domin haka, iri ɗaya, da wayar da ke haɗa su.

Akwai kuma haɗin da bai halatta ba ko kaɗan, shi ne haɗa injin gida da wayar kamfani. Wanda ya tayar da gurup bai raba gidansa da layin gari ba, wutarsa tana fita ta bi waya ta shiga taransifoma, ta hau ta zama dubban bolt, ta sami ma'aikacin da ya hau dogon ƙarfe yana gyara da tabbacin an kashe layi. In kuma wutar gari ta dawo ta tarar da injin, abin da ya sami aminina shi zai same shi. Makunni mai fuska biyu, wanda ba ya barin gida ya taɓa duka biyun a lokaci guda, kuɗinsa bai kai na buhun gero nawa ba, ran mutum kuwa ba shi da farashi.

Abin da ya rage gare mu

Ga ƴan'uwana ƴan kasuwa, shawarata ita ce: in ba za ka iya sayen allon haɗa injuna da na'urorinsa ba, to kada ka haɗa su. Raba kayanka gida biyu, kowane inji da nasa firigo da tasa waya, ba abin da ya gama su. Wannan ba ya cin ko dala, kuma shi aminina ya koma yi bayan ya sha wuya. In kuwa za ka haɗa, ka tambayi mai sayarwa tun kafin ka biya ko linzamin mai da na bolt na injin suna karɓar saitin aiki tare, domin yawancin ƙananan da ke kasuwa ba a yi su don haka ba. Ka kuma biya ƙwararre haƙƙinsa. Araha ba ta ado.

Ga ma'aikata kuwa, musamman waɗanda ke rubuta takardun kwangila da waɗanda ke sa hannu a karɓi kaya, nauyin ya fi yawa, domin kuɗin talakawa ne, kuma wanda ke kwance a gadon asibiti bai san abin da aka rubuta ba. Bai isa a rubuta “injuna biyu masu ƙarfi kaza” ba. A rubuta cewa za su yi aiki tare, da na'urar daidaita taki, da ta hana wuta komawa cikin inji, da tsarin yanke kayan da ba na tilas ba. Ranar karɓa kuma kada a wadatu da jin rurinsu. A ɗora musu kaya na gaske, a duba ma'auni a ga kowanne ya ɗauki rabonsa, a tayar da famfo mafi girma a ga ko fitilu za su yi lilo, sa'an nan a kashe ɗaya da gangan a ga abin da zai faru. Ɗan kwangilar da ya ƙi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa. A kuma sa cikin yarjejeniya cewa zai koyar da ma'aikacin da zai zauna da injunan, ya bar masa takardar saitin, domin gari kamar Gure, in abu ya lalace da dare, mai gyara yana nesa da tafiyar sa'o'i.

Muna kuma kira ga magabata da su dubi makarantunmu na koyon sana'a. Yaron da ya haɗa injunan aminina ba mugu ba ne, ba wanda ya taɓa nuna masa ne. Muna da matasa masu hannu da ƙwaƙwalwa a kowace gunduma, kuma wannan ilimi ba ya bukatar zuwa Faransa. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 gazuwal ɗinmu a jaharmu ake tace shi, ya kamata masu sarrafa injunan da ke shansa su ma a nan a horar da su.

Bazara tana tafe kowace shekara, ɗaukewar wuta kuma ba ta sallama. Wanda ke da injuna biyu ya gwada su tun yau da rana tsaka, yana da mai gyara a kusa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyashe mu da asara, ya sa albarka cikin nemanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.